Tofa Albarkacin Baki Daban, Gyara Kuma Daban

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata, wanda ya kammala hidimar ƙasa ya kuma shekara biyu yana zagayen ofisoshi da takardu a hammata ba a dace ba, ya iso gidana da yammaci rungume da kwamfutarsa, yana ta washe baki. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Kawu, na gama." Abin da ya gama ɗin shi ne shafin yanar gizo na farko da ya taɓa ginawa a kan kuɗi, bayan ya yi wata shida yana koyon sana'ar. Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari ne ya ba shi aikin, ya biya rabin kuɗi, da sharaɗin cewa sauran rabin sai an ga amfani.

Na karɓi kwamfutar na duba. Launuka sun zauna, hotunan kaya suna shigowa ta dama suna fita ta hagu, sunan shagon kuma yana walƙiya a sama kamar fitilar gidan biki. Na ɗaga kai na ga yadda yaron ya ƙura mini ido, sai na ji bakina ya ce, "Kai, madalla! Wannan aiki ya yi kyau." Ya ce ai haka kowa ya faɗa, tun daga mahaifiyarsa da 'yan'uwansa har abokan karatunsa, mutum ya kai arba'in, babu wanda ya ga aibu. Muka yi dariya, aka kawo abinci, ya tafi.

Bayan mako uku ya dawo, wannan karon fuska ba annuri. Alhaji ya kira shi ya ce ko mutum ɗaya bai zo ya ce ta shafin ya san shagon ba, saboda haka maganar cikon kuɗi a dakata tukuna. Tambayar da yaron ya yi mini a ranar ita ta sa na ɗauki alƙalami: "To Kawu, mutum arba'in ɗin nan duk ƙarya suka yi mini ke nan?"

Ba su yi masa ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Albarkacin bakinmu muka tofa, alhali shi gyara yake bukata, kuma daga shi har mu babu wanda ya tsaya ya rarrabe tsakanin abubuwan nan biyu. Laifina ya fi na kowa, domin na shafe sama da shekara ashirin a sashen kwamfuta na wurin aikina, tun zamanin da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, lokacin da muke layi a shagunan shiga intanet ana sayar mana da lokaci awa-awa. Na san abin da ya kamata in yi. Kara ce kawai ta rufe mini baki.

Washegari na yi abin da ya dace in yi tun farko. Akwai wata baiwar Allah a ofishinmu da ba a raba ta da sayen atamfa da yadi. Na kira yaron ya zo, na ce ya zauna gefe ya kama bakinsa, ko me ya gani kada ya tanka. Sannan na tura mata adireshin shafin a wayarta, ban gaya mata wanda ya gina shi ba, na ce, "Hajiya, don Allah a nemo mini baƙin yadi a wurin mutanen nan, a kuma tambayar mini nawa suke sayarwa." Muka zuba ido.

Da farko dai shafin ya ƙi buɗewa. Fuskar wayar ta yi fari fat, Hajiya tana jira, har ta gaji ta ce, "Malam, anya akwai sabis kuwa?" Sabis kam akwai. Hotuna ne guda talatin da yaron ya ɗauka da waya ya loda su yadda suke, kowanne ya kai megabait huɗu zuwa biyar, wato duk wanda ya leƙa shagon sai ya ƙona data fiye da megabait 120 kafin shafin ya gama buɗewa. A gidana abin bai nuna ba saboda kwamfutarsa ta riga ta adana hotunan. Su kuwa mutum arba'in ɗin, ashe mafi yawansu a kwamfutar tasa suka gani, ko a ɗan bidiyon da ya ɗauka ya tura musu ta WhatsApp. Tun a 2016 kamfanin Google ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na ziyarar da ake kai wa shafi ta waya ana katse ta idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Balle a nan, inda a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kowa yana lissafin megabait kamar yadda uwargida take lissafin mudun shinkafa.

Da shafin ya buɗe, Hajiya ta je akwatin bincike ta rubuta "bakin yadi", yadda kusan kowa yake rubutawa a waya. Shafin ya ce babu. Alhali akwai kala biyar. Yaron, da yake ɗan boko ne mai kiyaye ƙa'idar rubutu, ya shigar da sunan kayan da ƙ mai lanƙwasa, ita kuwa kwamfuta a wurinta k da ƙ haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba, sai in an koya mata ta ɗauke su ɗaya a wajen bincike. Bugu da ƙari, salon rubutun ƙawa da ya zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, don haka duk inda suka zo sai wayar ta aro su daga wani salon, su fito a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan suna. Wannan matsala ce da babu wani malamin Amurka ko na Indiya da zai ambace ta a darussan da yaranmu suke kalla a YouTube, domin ba ta shafe shi ba.

Daga nan ta matso kusa da taga, hasken rana ya bugi wayar, rubutun nan mai ruwan zinare da ke kan fari ya ɓace ɓat. Masana wannan fanni suna da ma'auni a kan haka, wanda ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo ta duniya ta fitar tun 2008: bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangon da yake kai kada ya gaza 4.5 a kan 1. Yaron bai taɓa jin wannan ba. A ƙarshe ta gangara can ƙasa ta iske lambar wayar shagon, ta danna, ta sake dannawa, shiru. Ashe a cikin hoto ya rubuta lambar, ba ta dannuwa, ba ta kwafuwa. Hajiya ta fara laluben biro a jaka, sai kuma ta fasa, ta ce, "Malam, ka bari kawai, gobe zan aiki yarona Kwari." Duka-duka minti bakwai aka yi. Na waiwaya na ga ɗana ya cika shafi guda da rubutu, gumi yana tsattsafo masa.

Mai karatu zai lura cewa Hajiya ba ta faɗi ra'ayinta a kan shafin ba ko sau ɗaya. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce ya yi muni ba. Amma a minti bakwai ta ba yaron abin da mu arba'in da ɗaya muka kasa ba shi a mako uku. A nan bambancin yake. Tofa albarkacin baki labari ne game da mai maganar: abin da ya ji a ransa, launin da yake so, ƙaunar da yake yi wa mai aikin ko haushinsa da yake ji. Gyara kuwa labari ne game da aikin: na so in yi kaza, a wuri kaza, da waya iri kaza, sai kaza ya faru. Hanya mafi sauƙi ta gane wanda aka ba ka ita ce ka tambayi kanka, idan na zauna gaban kwamfuta gobe da safe, wannan magana za ta nuna mini inda zan sa hannu? "Ya yi kyau" ba ta nuna ko'ina. "Bai yi ba sam" ita ma ba ta nuna ko'ina. "Na danna lambar ba ta kira ba" kuwa aikin minti biyar ne.

Hasali ma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san cewa yaron shago ba ya ƙwarewa da yabon 'yan zaman kashe wando da ke bakin ƙofa. Yana ƙwarewa ne ranar da mai riga ya dawo ya ce, "Idan na ɗaga hannu hammata tana matse ni," ubangidansa ya miƙa masa reza ya ce ya farke ya sake. Haka bakanike ba ya iya komai da "motar ba ta da lafiya," sai ka ce masa tana kakkarwa idan ta ɗauki giya uku a kan hawa. Abin da ya bambanta maginin shafi da waɗannan shi ne, mai riga yana dawowa, mai mota ma yana dawowa, amma wanda shafi ya ba wa haushi ba ya dawowa ya yi ƙorafi. Rufewa yake yi ya wuce, ba sallama, ba ka ma san ya zo ba. Ga shi kuma galibin yaran nan ba su da ubangida. A ɗaki suke koyo su kaɗai, daga bidiyo, ko a kwas na 'yan watanni irin shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 na horar da matasa miliyan uku fasahar zamani. Shirin abin a yaba ne, to amma fa takardar shaida ba ta miƙa wa kowa reza. Wanda ya rage ya riƙe wannan matsayi shi ne ni da kai, kawunnai da yayye da malamai da ake kawo wa aiki a ce a duba.

A nan ne tarbiyyarmu take yi mana tarnaƙi. An rene mu a kan kara da kunya, kuma ni ba na cikin masu ganin wannan aibu ne. Su suka sa zaman tare yake yiwuwa a gida mai mutum talatin. Idan amarya ta yi girkin farko gishiri ya zarce, ba a faɗa a gaban mutane, kuma daidai ne. Amma a gidan da aka san abin da ake yi, akwai wata gwaggo da za ta ja ta ɗaki daga baya ta ce, "'Yar nan, rabin wannan ya isa." Mu 'yan boko mun riƙe rabin farko na wannan al'ada mun yar da na biyu. Muna yabo a bainar jama'a, sannan ba ma jan kowa ɗaki.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi muni, wato masu ɗaukar kushe a matsayin gyara. Za ka ga wanda ya ɗan riga yaro shiga sana'ar da shekara biyu, an nuna masa aiki, ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai aikin 'yan koyo ne, wa yake amfani da irin wannan yanzu?" Yana jin ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Babu abin da ya faɗa face cewa shi ya fi yaron sani. Wannan ma albarkacin baki ne, sai dai mai wari. Na san matasa biyu da irin wannan magana ta sa suka rufe kwamfuta suka koma neman aikin gwamnati. Hausawa da suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ai sun ɗauka cewa mai faɗar zai nuna maka gefen da kayan suka karkata.

To amma kada a ɗora wa masu dubawa laifin duka. Shi ma mai koyo yana da nasa, domin irin tambayar da ka yi ita take jawo irin amsar da za ka samu. Duk wanda ya miƙa aikinsa yana murmushi ya ce, "Ya ka gani?" yabo ya roƙa, kuma za a ba shi. Wani marubuci mai suna Rob Fitzpatrick ya fitar da ɗan littafi a 2013 a kan wannan batu, wanda ya gina a kan cewa ko mahaifiyarka, wadda ta fi kowa son faranta maka, za ta iya ba ka bayani mai amfani idan ka daina tambayarta ra'ayinta a kan abin da ka ƙirƙira, ka koma tambayarta abin da ta saba yi a rayuwarta. Da ɗan ƙanwata ya tambayi mahaifiyarsa yadda ta sayi atamfar sallar bara, da ya ji cewa hoto aka turo mata ta WhatsApp, ta kira ta yi ciniki, ta tura kuɗi, aka ba ɗan sahu ya kawo. Da ya gane tun ranar cewa maɓallin kira da na WhatsApp su ne zuciyar shafin, sauran duk ado ne.

Kuma abin ba ya bukatar taron jama'a. Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak da ya yi suna a nazarin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da masu amfani za su ci karo da su, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa a kan a tara mutane a yi babba sau ɗaya. Wasu masana sun yi jayayya da adadin, suna cewa ya danganta da irin shafin da irin mutanen, kuma suna da hujja. Amma ga yaron da bai taɓa gwadawa da ko mutum ɗaya ba, wannan jayayya ta manya ce. Ya samo biyar daga cikin irin mutanen da aka gina shafin dominsu, ba abokansa masu gina shafi ba, ya ba kowanne aiki takamaimai a kan wayarsa da datarsa, sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya. Na ga yadda ɗana ya riƙa motsi a kujera yana son ya ce, "Hajiya, ƙasa za a duba," sai na harare shi. Ai ranar da mai saye na gaskiya zai shigo daga Maraɗi ko Gusau da tsakar dare, ba ka nan balle ka nuna masa.

Sai dai in yi adalci, ba duk abin da ya zo da kamannin gyara ne ake karɓa ba, kuma ni kaina na sha kunya a nan. Bayan mun gama da Hajiya, na ce wa yaron lallai ya rubuta farashi a ƙarƙashin kowane turmi, domin haka manyan shagunan intanet suke yi. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda ya shekara ashirin a kan kwamfuta. Da ya kai wa Alhaji maganar, sai ya yi dariya ya ce, "Gaya wa kawun naka, tun da aka saki Naira a 2023 akwai lokacin da farashin safe daban na yamma daban. In ka rubuta, wa zai riƙa sauyawa? Sannan wanda zai ɗauki turmi ɗaya da wanda zai ɗauki dila, kuɗinsu ɗaya ne?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na bayar ra'ayi ne da ya sa rigar ƙwarewa. Ban taɓa sayar da ko ƙyalle ba. Saboda haka mai koyo ya riƙa raba maganar da aka yi masa gida biyu. Inda mutum ya ce ya yi tuntuɓe, a yarda da shi, domin shi ya ji zafin. Maganin da ya kawo kuwa a auna shi tukuna, ko da kawu ne.

Wani sabon abu da ya ƙara rikita lamarin shi ne manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, yaro yana iya sa na'ura ta rubuta masa shafi sukutum cikin 'yan mintoci, sannan ya tambaye ta ko ya yi kyau. Sau da yawa ita ma kara take yi masa. Har kamfanin da ya ƙera ta sai da ya janye wani sabon zubi nata a watan Afrilun 2025 saboda yawan daɗin bakin da take yi wa masu amfani da ita. Tana da amfani sosai idan aka yi mata tambaya takamaimai, alal misali ta duba nauyin hotuna ko bambancin launi. Amma ba ta taɓa tsayawa a rana a bakin Kwari da waya mai fasasshen gilashi da ragowar data ta naira ɗari biyu ba.

Ba na so a ɗauka ina yaƙi da yabo ne. Yabon gwani ya zama dole, kuma ɗan koyon da ya kwana uku yana fama da layi ɗaya da ya ƙi aiki yana bukatar wanda zai ce masa sannu da ƙoƙari. Mahaifiyarsa ta ci gaba da cewa ya yi kyau, wannan aikinta ne. Da mu nake, masu digiri da muƙami, waɗanda idan muka ce ya yi kyau ake ɗauka mun duba ne. Kuma mu ɗin nan dai mu ne muke zama a kwamitocin da ke karɓar shafukan ma'aikatu da makarantu da asibitoci daga hannun 'yan kwangila. An haska mana a bango a ɗakin taro mai sanyi, mun ga hoton mai gida ya fito ƙato a shafin farko, mun tafa, an sa hannu a biya. Babu wanda ya ciro wayarsa ya gwada neman ranar da ake ganin likitan ido, ko ya sauke fom ɗin neman gurbin karatu. Shi ya sa za ka iske shafin hukuma da lambar wayar da ta mutu shekara biyar, da sanarwar taron da aka yi aka manta. Can kuɗin jama'a ne suke tafiya, a nan kuma cikon kuɗin yaron da yake son ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Ɗan ƙanwar tawa ya yi kwana huɗu yana gyara. Ya matse hotunan har kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200, ya cire masu yawo daga dama zuwa hagu, ya mai da rubutun baƙi a kan fari, ya koya wa akwatin bincike cewa mai neman "baki" a shagon yadi ba bakin magana yake nema ba, ya kuma kafa maɓallin kira da na WhatsApp a inda babban yatsa yake kaiwa. Da ya kawo mini, gaskiya shafin bai kai na farko ƙawa ba, kuma na gaya masa haka. Ya ce, "Kawu, wannan albarkacin baki ne ko gyara?" Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Alhaji bai biya cikon ba tukuna. Ya ce wata mata ta kira daga Zariya ta ce a shafin ta ga leshi, amma mace ɗaya ba ta isa shaida ba, a bari a ga ƙarshen wata. Yaron ya samo mutum huɗu da zai sake gwadawa da su ranar Asabar, cikinsu har da wani tela a unguwarsu da ba ya karanta boko sosai, da saƙon murya yake duk harkokinsa.